Jerin Amintattu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An dakatar da ni daga aiki. Na rubuta ne don in gan shi a takarda, ko zan yarda.

Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar nan. Yau Shugaba ta kira ni ofishinta, ta tashi ta rufe ƙofa da kanta. Matar da ko fanka ba ta kunna wa kanta sai ta kira masinja. Tun daga nan na sha jinin jikina.

Ta turo min wayarta a kan tebur. Hoton tambayoyin jarrabawar haɗin gwiwa ne ta makarantu goma sha biyu, wadda bana ni aka zaɓa in shirya. Ranar Alhamis aka yi jarrabawar, hoton kuwa tun Litinin yake yawo a wayoyin ɗalibai.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai takardar ta bi hannu da yawa. A tambayi masu ɗakin bugawa."

Ta ce, "Malama, duba tambaya ta tara. Babu ita a takardar da yara suka rubuta. Daga ina ta fito?"

Na duba. Tambayata ce ta narkewar gishiri a ruwan zafi, wadda na cire kwana biyu kafin in miƙa aikin, saboda ta yi wa yara tsauri. Ba a taɓa buga ta ba. Ba ta taɓa fita daga kwamfutata ba. Da ina da wayo da na ce ban san ta ba, amma bakina ya riga ni, na ce tawa ce.

Kwamiti zai zauna ranar 24. Idan suka ce ni na fitar, kora ce, kuma babu makarantar da za ta sake ba ni alli.

Talata, 4, ƙarfe bakwai na safe

Na yi wanka, na sa takalmi, na ɗauki jaka, sannan na tuna.

Laraba, 5, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Tun safe nake zaune gaban kwamfutar a teburin cin abinci, ina kallonta tana kallona.

Babu dokar da na karya. Duk wanda aka ba aikin shirya tambayoyi, sai Injiniyan makaranta ya sa masa antibairos, manhajar tsaro daga kutse, a kwamfutarsa, kuma ya sa min wata bakwai da suka wuce. Ban taɓa soka mata filas ɗin kwafar bayanai na kowa ba. Ban kai ta shago ba. Yarana ko inuwarta ba sa taɓawa, sun san hannuna.

Antibairos ɗin nan ni na raɗa masa suna Maigadi, don ya cika tsegumi. Ina tsakiyar rubutu sai ya faso da jan akwati a gefen allo. Kowace Juma'a kuma sai ya aiko min da imel a waya, wai rahoton mako. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Baban yara yana tsokanata wai na samu mai kula da ni fiye da shi.

To ina amfaninka, Maigadi? Ana kwashe gida kana ina?

Yaya ya kira. Ya ce, "Auta, ki kwantar da hankalinki, gaskiya ba ta ɓuya." Muryarsa kawai na ji na fashe da kuka. Tun rasuwar Baba shi ne uba. Shi yake ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni firamare, ƙafafuna a buɗe kada wayar keken ta kama su. Yanzu yana da cibiyar darasin yamma a saman kantin magani, ɗalibai daga ko'ina suna zuwa. Ko kwamfutar nan idan ta ƙi ji, shi nake kira.

Juma'a, 7, ƙarfe tara na safe

Rahoton Maigadi ya shigo. Na ture shi da yatsa. Ba na son ganin sunansa ma.

Asabar, 8, ƙarfe huɗu na yamma

Na fita shanya, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ba ta san an dakatar da ni ba, ko ta sani ta yi kamar ba ta sani ba.

Ta ce, "Malama, don Allah ki yi min godiya wajen yayanki. 'Yata ta ce abin da ya koya musu ranar Lahadi shi ya fito tsaf. Wai har da wata mai wuya ta gishiri da suka sha wahalar haddacewa, ita kaɗai ce ba ta fito ba."

Na ce zan faɗa masa. Na shanya zane ɗaya sau biyu.

Ba zan rubuta abin da ya zo min a rai ba. Takardar ta yi yawo, kowa yana iya samunta. Kowa.

Litinin, 10, ƙarfe biyu na rana

Na kai wa Injiniya kwamfutar. Ta ƙofar baya na shiga don kada in haɗu da 'yan ajina. Ɗakinsa yana nan yadda yake, wayoyi a ƙasa kamar saiwar bishiya, ga kofin shayin da ban taɓa ganin an wanke ba.

Na ce masa, "Injiniya, abin da ka sa min bai tsinana komai ba."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Ya buɗe Maigadi, ya shiga wani wuri da ban san da shi ba, ya juyo min da allon.

Ya ce, "Malama, wannan shi ake kira jerin amintattu. Duk abin da kika sa a nan, kin ce masa ɗan gida ne, kada ya tare shi. Ranar da na ba ki, babu komai a ciki. Yanzu ga abu ɗaya."

Ya ce manhaja ce da ke ba mutum damar shiga kwamfutarka daga nesa, ya ga allonka, ya kwafi abin da ya ga dama. Ya ce duk da tana cikin jerin, duk lokacin da aka shigo ta cikinta aka taɓa takardu sai Maigadi ya sake tambaya. Ya gangara ƙasa yana ƙirgawa da bakin biro. Sau arba'in da ɗaya. A gaban kowanne an rubuta: mai kwamfuta ta amince.

Ya ce, "Wa ya sa miki ita?"

Na ce ban tuna ba.

Na tuna. Har rigar da ke jikinsa na tuna. Sati biyu bayan an ba ni aikin, kwamfutar ta daskare, na kira Yaya, ya zo ya gyara. Ya ce, "Auta, na gaji da hawa babur saboda ke. Bari in sa miki abin da zan riƙa gyara miki daga ofis." Yana sawa Maigadi ya yi ja. Ya yi dariya ya ce, "Wannan matsoracin? Ko kyankyaso ya gani sai ya yi ihu. Duk lokacin da ya yi miki haka, ki danna kore, wato kin amince." Ni kuma na danna. Har daɗi nake ji wai na iya kwamfuta.

Injiniya ya rufe ta, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, "Ki kai ta gaban kwamiti yadda take ɗin nan. Kada ki bari kowa ya taɓa ta. Kowa fa, Malama."

Talata, 11, ƙarfe shida na safe

Arba'in da ɗaya. Da yatsana.

Laraba, 12, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na je cibiyar. Na hau matakalar nan mai warin magani, na wuce ta gaban azuzuwa biyu cike da yara. Ya sa sababbin fankoki.

Yana ganina ya ce, "A'a, Auta ce da rana tsaka? Zauna, a kawo miki ruwa."

Ban zauna ba. Na ce, "Yaya, tambaya ta tara."

Da farko ya ce bai gane ba. Daga baya ya ce takarda ce ta zo hannunsa kamar kowa. Da na ce masa an nuna min jerin, sai ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Ya ce, "To wa ya mutu? Yara ne suka ci jarrabawa. Na ce musu kada wanda ya ɗauki hoto, wani shashasha ya ɗauka. Kin san cibiyoyi nawa aka buɗe a layin nan bana? Idan yarana ba su ci ba, wa zai kawo min nasa?"

Na ce, "Aikina fa?"

Ya ce, "Ki bar min. Na taɓa barin ki a rana?"

Ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Ya rako ni har ƙasa, ya tsayar min da abin hawa, ya ce in gaida yara.

Juma'a, 14, ƙarfe tara na safe

Rahoton mako. Na daɗe ina kallon sunan. Kunyarsa nake ji, ni da girmana, kunyar manhaja.

Asabar, 15, ƙarfe shida na yamma

Yaya ya zo tare da Mama. Rabon Mama da hawa benen nan tun da gwiwarta ta fara ciwo, yau ta hau tana hutawa a kowace matakala ta uku. Baban yara ya gaishe su ya fita, ya san ba tasa ba ce.

Yaya ya ce shawara mai sauƙi ce. In ba shi kwamfutar ya share ta. Idan kwamiti bai ga komai ba, ba su da hujja a kan kowa, sai su ce an yi kutse, magana ta mutu. Ni in ce ban sani ba kawai.

Na ce, "Injiniya ya ce kada kowa ya taɓa ta."

Mama ta ce, "Yayanki ne kowa? Auta, ciki ɗaya kuka fito. Ki tuna wanda ya bar karatunsa don ki yi naki. So kike in mutu ana nuna ni a titi, ga uwar wadda ta ɗaure ɗan'uwanta?"

Ta yi kuka irin wanda ban taɓa gani ba tun ranar Baba. Na shiga ɗaki, na ɗauko kwamfutar da cajarta, na ajiye a gaban Yaya.

Ban san dalilin da ya sa na haɗa masa har da cajar ba.

Litinin, 17, ƙarfe huɗu na yamma

Ya dawo da ita. Ta yi sauri kamar sabuwa. Babu tambayoyi, babu manhajarsa, babu Maigadi. Ya ce ya cire min shi gaba ɗaya tunda damuna yake yi.

Ya zauna ya sha shayi kofi biyu, ya ɗora ƙaramar 'yata a cinyarsa yana koya mata haddar lissafin sau, jere na bakwai. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce, "Kin ga? An gama."

Laraba, 19, ƙarfe goma na safe

Injiniya ya kira sau uku. Ban ɗaga ba.

Ina ta maimaitawa gaban madubi: ban sani ba, ranku ya daɗe. Ban sani ba. Ni da nake korar yaro daga aji idan ya ce min haka.

Baban yara ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce, "To." Da ya yi min faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 21, ƙarfe goma sha biyu na rana

Yau babu saƙo. Karo na farko a wata bakwai. Sau huɗu ina duba wayar.

Litinin, 24, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Zan rubuta shi daki-daki.

A ɗakin taron malamai aka zauna. Mutum biyar ne a dogon tebur, shugaban kwamiti a tsakiya, wani dattijo mai tari. Shugabarmu tana gefe, Injiniya yana kusa da taga. Aka tambaye ni yadda tambayoyin suka fita, na ce ban sani ba. Ta fito sumul, kamar yadda na koya.

Dattijon ya ce to. Ya ce ɗaliban da aka kama da hoton sun ambaci wata cibiya, an kuma nemi mai cibiyar ya yi bayani a rubuce. Ya zaro takarda daga fayil ya karanta.

Wai ƙanwarsa ce ta kawo masa tambayoyin da hannunta, ta ce na gwaji ne, ya taimaka wa yara da su. Wai shi bai san na jarrabawa ba ne. Wai yana baƙin cikin abin da ta jawo wa iyalinsu.

Na ce a ba ni in gani. Rubutunsa ne. Yadda yake karkatar da layi zuwa sama, da shi ya cike min takardar shiga sakandare. Na duba kwanan wata: 17. Ranar shayi kofi biyu. Ko kafin ya zo ya rubuta ta, ko bayan ya dafa kaina.

Aka ce Injiniya ya buɗe kwamfutar. Ya buɗe, ya duba, ya ɗago ya kalle ni. Kallon nan ba zan manta da shi ba. Ya faɗa musu abin da ya gani ranar 10, dattijon ya ce, "Mun ji, amma ina yake? Abin da muke gani shi ne an share kwamfuta mako ɗaya kafin zama. Malama, mai gaskiya yana share kwamfuta?"

Sai a lokacin na gane. Ba don maganar ta mutu ya share ta ba. Don ta mutu a kaina ne.

Na sunkuyar da kai, wayata tana cinyata. Ban san me ya sa Juma'ar da ta wuce ta faɗo min ba, da shirun nan da ya dame ni. Na ce, "Injiniya, rahoton da antibairos ɗin yake aiko min duk mako, me ke cikinsa?"

Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya ce, "Ba ki goge su ba?"

Na ce, "Ko buɗe su ban taɓa yi ba."

Guda talatin ne. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Kowanne yana ɗauke da ranar da aka shigo, da lokaci, da takardar da aka kwafa, da sunan kwamfutar da ke can ɗaya ɓangaren. Yaya sunan cibiyarsa ya sa wa tasa, don komai nasa sai ya manna masa sunan nan, har bokitin shara. Ga ranar da aka kwafi tambayoyin, ƙarfe ɗaya na rana. Na tuna ta. Ya kira ya ce in bar ta a kunne, in danna kore in tafi harkata, zai sabunta min wani abu.

Dattijon ya ce, "Wayarki ce, saƙonninki ne. Kin yarda a buga su a sa a fayil? Kin san abin da hakan yake nufi ga mai cibiyar."

Na sani. Keken nan ya zo min, da bayan rigarsa da nake riƙewa. Sai na sake kallon takardar da ke gabana, wai abin da ta jawo wa iyalinsu.

Na ce, "A buga."

Talata, 25, ƙarfe takwas na safe

Yaya bai kira ba. Ban san me ya sa nake tsammani ba.

Alhamis, 27, ƙarfe uku na yamma

Takarda ta zo. Zan koma aji ranar Litinin. An ba ni gargaɗi a rubuce saboda sakaci, kuma ba za a sake ba ni aikin shirya jarrabawa ba. Ban ji haushi ba, sakacin nawa ne, sau arba'in da ɗaya. Cibiyar kuma an rufe ta sai an gama bincike.

Mama ta kira. Ba ta amsa gaisuwata ba.

Ta ce, "Saƙon waya ne fa, Auta. Da yatsa ɗaya ake goge shi."

Na ce, "Mama, kin san da wasiƙar da ya rubuta?"

Ina jin rediyonta yana magana a bayanta.

Na ce, "Mama, ranar da kika hau benen nan, kin san abin da zai rubuta?"

Ta ce, "Shi mutum goma ke ci a ƙarƙashinsa. Ke mijinki yana aiki."

Ashe har an auna mu, an ga wanda ya fi sauƙin zubarwa. Na ce ta gaida gwiwa, na ajiye wayar. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Asabar, 29, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙaramar ta tambaye ni yaushe Kawu zai zo su ƙarasa jere na bakwai. Na zaunar da ita na koya mata da kaina. Ta ce ba haka yake rerawa ba.

Litinin, 31, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na shiga ta ƙofar gaba. 'Yan ajina suka miƙe suka gaishe ni, wasu suna kallon ƙasa. Na ɗauki alli, na rubuta musu tambaya ta tara a allo, na ce yau sai kowa ya fahimce ta, ba haddacewa ba.

Da aka tashi na kai wa Injiniya kwamfutar, na ce ya mayar min da Maigadi. Na kuma ba shi haƙuri a kan kiran da ban ɗaga ba. Ya ce ya wuce, ya tura kofinsa gefe ya hau aiki. Ya koya min yadda ake karanta jan akwatin nan, layi biyu ne kacal, ashe ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Da ya kusa gamawa ya juyo min da allon. Wurin nan ne, fari tas.

Ya ce, "Jerin amintattu. Akwai wanda kike so in sa miki?"

Na daɗe ina kallonsa.

Na ce, "Bar shi haka."